Filin Kimiyya da Ƙere-ƙere: Yadda ake gano ƙanƙarar titi kafin ta kifar da mota

 

A ƙasar Hausa ƙanƙara iri biyu muka sani. Akwai wadda ake sayarwa dunƙule-dunƙule a lokacin zafi, musamman da azumi, kowa na ribibinta kafin a sha ruwa. Akwai kuma wadda kan zubo tare da ruwan sama a wasu shekarun, ta kakkarya shuka ta huda kwanon rufi. Yau za mu leƙa ƙasashen sanyi ne mu duba wata ta uku, wadda ke kwanciya a kan kwalta ba tare da ido ya gan ta ba, kuma take cin rayuka duk shekara. Hukumar kula da manyan hanyoyi ta Amurka ta ƙiyasta cewa a ƙasar kaɗai, fiye da mutum 1,300 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗurran da ke aukuwa a kan titunan da dusar ƙanƙara ko ƙanƙara ta rufe, sama da dubu 100 kuma su jikkata.

Wani zai ce ina ruwan Bakano ko Bazazzagi da wannan. Dalilanmu biyu ne. Na farko, kowace shekara 'yan'uwanmu na tafiya karatu Rasha, Kanada, Birtaniya, Turkiyya da Sin, wasunsu ma har sukan soma tuƙi a can, alhali ba su taɓa taka ƙanƙara da ƙafarsu ba. Na biyu, duk abin da za mu faɗa yana cikin darasin fiziks da kemistiri da ake koya mana tun a babbar sakandare. Bambancin kawai shi ne a nan za mu ga yadda ilimin da muke haddacewa don jarrabawa yake tsare ran mutum.

Mece ce baƙar ƙanƙara?

Turawa na kiranta baƙar ƙanƙara, amma ita kanta ba baƙa ba ce. Siririyar shimfiɗa ce mai kama da gilashi, wadda wani lokaci kaurinta bai wuce na takarda 'yan kaɗan ba. Saboda babu kumfar iska a cikinta, haske na ratsa ta, sai direba ya hangi baƙin kwaltar da ke ƙarƙashi ya ɗauka titin a bushe yake, ko kuma ɗan jiƙewa ce kawai. Dusar ƙanƙara fara ce fat, tana sanar da kanta tun daga nesa, kowa ya gan ta sai ya rage gudu. Wannan kuwa sai mota ta hau kanta ake sanin tana nan.

Abin da ke riƙe mota a kan titi shi ne gogayyar da ke tsakanin taya da kwalta. Da ita ake tafiya, da ita ake shan kwana, da ita kuma ake tsayawa. Masana na auna ƙarfin wannan riƙo da wata lamba. A busasshiyar kwalta lambar kan kai wajen 0.7 zuwa 0.8, a kan ƙanƙara mai sulɓi kuwa tana iya faɗuwa zuwa 0.1. Mu ɗan yi lissafi irin na aji. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya taka birki a busasshen titi, za ta tsaya bayan kimanin mita 14. A kan ƙanƙara, da wannan gudun, sai ta zame kusan mita 100, wato tsawon filin ƙwallo. Idan aka ninka gudun ya zama kilomita 100 a awa, nisan tsayawar ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu yake yi, ya doshi mita 400. Wannan fa ban da 'yan daƙiƙun da direba kan ɓata kafin ƙafarsa ta kai ga birki. Shi ya sa kundin dokokin hanya na Birtaniya yake gargaɗin cewa nisan tsayawa kan ninka biyu a jiƙaƙƙen titi, a kan ƙanƙara kuma yana iya ninkawa har sau goma.

Ta ina take fitowa?

Kowa ya san ruwa na daskarewa a digiri sifili na ma'aunin Salshiyas. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, zafin iska daban, zafin fuskar titi daban. Adadin da masu hasashen yanayi ke faɗa a rediyo na iskar da ke sama da ƙasa ne da kimanin mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Kwalta kuwa nata lissafin daban ne. Da rana takan sha zafi ta fi iska ɗumi, da dare kuma takan saki zafin nan zuwa sama. Idan akwai gajimare, sai ya zama kamar bargo ya mayar da wani sashe na zafin ƙasa. Idan sama ta yi garau, taurari sun fito, iska kuma ba ta kaɗawa, zafin sai ya tsere, titin ya fi iskar da ke kansa sanyi da digiri biyu, uku ko fiye. Ke nan ana iya cewa sanyin gari digiri 3 ne sama da sifili, amma kwalta ta riga ta gangara ƙasa da sifili. Mu ma mun san wannan a lokacin hunturu: daren da sama ta washe tas ya fi cizo da asuba.

Da zarar titi ya kai wannan sanyi, saura a samu ruwa, kuma ruwan na zuwa ta hanyoyi uku. Ta farko mai sauƙin fahimta ce. An yi ruwa da yamma, ko dusar ƙanƙarar da aka ture gefen hanya ta narke da rana ta malalo kan kwalta, dare na yi sai ta daskare.

Ta biyu ita ce raɓa. Iska kullum tana ɗauke da danshi, kuma akwai wani mataki na sanyi da idan abu ya kai shi, danshin zai sauka a jikinsa. Shi ne abin da ke faruwa idan muka ajiye kwalbar lemo mai sanyi muka ga jikinta na tsattsafo da ruwa. Idan fuskar titi ta yi sanyin da ya kai wannan mataki, kuma ta kasance ƙasa da sifili, danshin sai ya sauka a daskare. Ba a yi ruwa ba, ba a ga hadari ba, amma gari ya waye da titi mai santsi.

Ta uku ta fi duka muni, ita ce ruwan sama mai daskarewa. Yakan faru ne idan iska mai ɗumi ta hau kan iska mai tsananin sanyi da ke kwance kusa da ƙasa. Dusar ƙanƙara na fitowa daga gajimare, ta narke a cikin iskar mai ɗumi ta zama ruwa, sannan ɗigon ya ratsa iskar mai sanyi, sanyinsa ya wuce sifili amma bai samu damar daskarewa ba. Yana taɓa titi, ko reshen bishiya, ko wayar lantarki, sai ya ƙame nan take. Wanda ya taɓa ciro ledar fiya-wata daga firiza tana ruwa tsamo-tsamo, ya ɗan buga ta ko ya ciji bakinta, ya ga ta rikiɗe ta zama ƙanƙara a hannunsa, to ya ga irin wannan abu da idonsa.

Akwai kuma wuraren da suka fi saurin kamuwa, kuma gada ce kan gaba. Titin da ke kwance a ƙasa yana samun ɗumi daga ƙasar da ke ƙarƙashinsa, domin ƙasa na adana zafi na tsawon lokaci. Gada kuwa a rataye take, iska mai sanyi na dukanta ta sama da ta ƙasa da ta gefe, ba ta da inda za ta ari ɗumi. Saboda haka a Amurka za ka ga alluna kafin gadoji suna tunatar da direba cewa gada na riga titi daskarewa. Bayan gada sai kwari, domin iska mai sanyi ta fi nauyi, takan gangara ta taru a can kamar ruwa. Sai kuma inda inuwar dutse ko ta dogayen bishiyoyi ke hana rana isa.

Darasin Fort Worth

Da misalin ƙarfe shida na safiyar 11 ga Fabrairun 2021, a birnin Fort Worth na jihar Texas, motoci kimanin 130 suka yi karo da juna a kan wani ɓangare na babbar hanya mai lamba I-35W da aka ɗaga sama kamar gada. Mutum shida suka rasu, gommai suka jikkata. Tireloli da ƙananan motoci suka riƙa zuwa suna afka wa waɗanda suka riga suka tsaya, ga katangar kankare dama da hagu, babu wurin kaucewa.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta fitar da rahotonta a 2023, kuma abin da ta gano shi ne ya sa muka kawo labarin. Ba a yi sakaci gaba ɗaya ba, domin an fesa wa titin ruwan gishiri kimanin awa 44 kafin haɗarin. To amma gari ya daɗe cikin sanyin da ke ƙasa da sifili, da asuba aka samu ɗan yayyafi, ƙanƙara ta kama ɓangaren da ke sama. Masu kula da hanyar ba su da isasshiyar hanyar sanin halin da wannan wuri yake ciki a daidai wannan lokaci, direbobi kuma suna gudun da ya wuce abin da yanayin zai ɗauka, a hanyar da iyakar gudunta ya kai mil 75 a awa, wato kimanin kilomita 120. Cikin shawarwarin da hukumar ta bayar akwai girka na'urorin auna yanayin titi, da allunan da ke sauya iyakar gudu idan yanayi ya sauya. A taƙaice, gishiri na nan, motocin fesawa na nan, abin da ya yi ƙaranci shi ne labarin da zai isa ga masu aiki da direbobi a kan kari.

Idanun da ke gadin titi

Ƙasashen da suka saba da wannan matsala sun daɗe da kakkafa ƙananan tashoshin yanayi a gefen hanyoyinsu. Suwidin na da sama da 700, Finland ma na da ɗaruruwa. Idan ka gan su, dogon ƙarfe ne kawai ɗauke da 'yan na'urori: mai auna zafin iska da danshinta, mai auna ƙarfin iska da inda ta nufa, mai tantance ko ruwa ake yi ko dusa, da kyamara. Duk bayan 'yan mintuna suna aika rahoto zuwa cibiya.

Amma mafi muhimmanci su ne masu auna titin kansa, kuma iri biyu ne. Akwai waɗanda ake binnewa a cikin kwalta, faɗinsu bai wuce tafin hannu ba, fuskarsu daidai da fuskar titi, motoci na bi ta kansu. Suna auna zafin kwalta, suna gane ko a jiƙe take, suna kuma ƙiyasta yawan gishirin da ya rage. Dabarar mai sauƙi ce: ruwan gishiri ya fi ruwa zalla barin wutar lantarki ta ratsa shi, don haka gwargwadon yadda wuta ke wucewa, gwargwadon gishirin da ke nan. Wasu daga cikinsu ma sukan sanyaya ɗan ruwan da ke kansu da gangan har sai ya daskare, su rubuta a digiri nawa hakan ya faru. Da haka mai kula da hanya zai san ko saura digiri ɗaya titinsa ya kama, ko saura biyar. Akan kuma binne wani ma'aunin can ƙasa, don a san yawan ɗumin da ƙasa ta adana.

Iri na biyu ba sa taɓa titi. A saman ƙarfe ake ɗaura su, suna harba wani haske da idon mutum ba ya gani zuwa kan kwalta, su karanta abin da ya dawo. Ruwa da ƙanƙara da dusa kowanne da irin yadda yake shanye wannan haske, don haka na'urar na iya bambance su, ta ƙiyasta kaurinsu, har ta faɗi yadda taya za ta riƙe titin. Abin da ya ɓoye wa idon direba bai ɓoye mata ba. Ɗaya daga cikin kamfanonin da suka yi suna a wannan fanni shi ne Vaisala na ƙasar Finland, wanda wani masanin yanayi mai suna Vilho Väisälä ya kafa a 1936. Da na'urorin auna yanayi da ake ɗaura wa balan-balan a saki sama ya fara.

Daga gani zuwa hasashe

Sanin cewa ƙanƙara ta riga ta kwanta yana da amfani, amma Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Motar watsa gishiri na iya shafe awanni kafin ta gama zagayenta, don haka dole a san abin da zai faru da ƙarfe huɗu na asuba tun da rana tsaka.

Matsala ta farko ita ce tasha na faɗin halin wurin da take ne kawai, ga shi kuma tsakanin wata da wata akwai kilomitoci masu yawa. Masana a Jami'ar Birmingham da ke Ingila, cikinsu har da John Thornes, sun yi fice a shekarun 1980 wajen warware wannan da abin da za mu kira taswirar zafi. Mota ce ake ɗaura wa ma'aunin zafi mai aiki daga nesa, irin wanda aka riƙa ɗora mana a goshi lokacin korona, a bi hanya da ita gab da asuba, lokacin da sanyi ya fi tsanani. A maimaita a dare mai sama garau, da dare mai gajimare da iska, da wanda ke tsaka-tsaki. Daga nan sai a fitar da taswirar da ke nuna inda ya fi sanyi da inda ya fi ɗumi. Za a ga tsakiyar gari ya fi ƙauye ɗumi saboda gine-gine, gada da kwari sun fi ko'ina sanyi. Idan tasha ta ce wurinta digiri 2 ne, taswira kuma ta nuna cewa a irin wannan dare gadar da ke gaba takan fi nan sanyi da digiri 3, to an san gadar ta shiga haɗari.

Matsala ta biyu ita ce hango gaba, kuma a nan kwamfuta ke shigowa. Lissafin da take yi kamar na ɗan kasuwa ne mai duba shiga da fita, sai dai zafi ake ƙirgawa a maimakon kuɗi. Nawa rana ta zuba wa kwalta yau? Nawa zai tsere zuwa sama da dare? Nawa gajimare zai mayar? Nawa iska za ta kwashe ko ta kawo? Nawa ƙasa za ta turo daga ƙarƙashi? Nawa zai tafi wajen busar da ruwan da ke kan titi? Har ɗumin tayoyi da injinan motoci akan sa a lissafi a hanyoyi masu cunkoso. Ana haɗa wannan da hasashen hukumar yanayi da abin da tashoshi suka auna, sai a samu jadawalin zafin titi awa bayan awa har zuwa gobe. Masanan hukumar yanayi ta Kanada sun wallafa irin wannan manhaja mai suna METRo a 2001, daga baya aka sake ta kyauta ga duk mai son amfani da ita ko gyara ta. A 'yan shekarun nan kuma ana koya wa kwamfuta ta yi nazarin bayanan shekaru masu yawa da hotunan kyamarori, ta gano alamomin da kan gabaci daskarewa.

Duk da haka hasashe na da inda yake tuntuɓe. Daren da sanyi ya kai digiri 15 ƙasa da sifili ba ya ba kowa wahalar yanke shawara. Wanda ke hana injiniya barci shi ne daren da ake sa ran titi zai tsaya tsakanin digiri 1 sama da sifili da digiri 1 ƙasa da shi, kuma Birtaniya na yawan samun irinsa. Gajimare ya yaye awa biyu kafin lokacin da aka zata, lissafi ya rushe. Idan ya tura motoci aka watsa gishiri ƙanƙara ba ta zo ba, an yi asarar kuɗin jama'a. Idan ya hana su fita ta zo, ana iya asarar rai. Idan kuma ya yi gaggawar watsawa ruwan sama ya biyo baya, sai ya wanke gishirin kafin sanyi ya iso.

Gishiri: magani mai illa

Me ya sa gishiri? Idan ya narke a ruwa, ƙwayoyinsa na shiga tsakanin ƙwayoyin ruwan su hana su jeruwa su zama ƙanƙara, sai an ƙara sanyi sosai. Ruwan da kashi 23 cikin 100 nasa gishiri ne ba ya daskarewa sai a wajen digiri 21 ƙasa da sifili. A aikace dai, a kan titi, ƙarfin gishirin yakan ragu sosai idan sanyi ya doshi digiri 10 ƙasa da sifili, sai a koma ga wasu sinadarai masu tsada irin su kalsiyam kuloraid, ko a watsa yashi don taya ta samu abin kamawa.

Fesa ruwan gishiri kafin ƙanƙara ta zo ya fi arha da inganci a kan narkar da ita bayan ta manne wa kwalta, kuma wannan ne ya sa hasashe ke da daraja. Amurka kaɗai na zuba wajen tan miliyan 20 na gishiri a hanyoyinta a shekara. Gishirin nan ba ɓacewa yake yi ba. Yana cin ƙarfen motoci da rodin da ke cikin gadoji, yana ƙona bishiyoyin gefen hanya, yana gangarawa koguna da tafkuna da rijiyoyi. Duk daren da sahihin hasashe ya nuna babu buƙatar watsawa, an tsirar da kuɗi an kuma tsirar da ruwan sha.

Wasu wuraren sun bi wata hanyar. A Reykjavik, babban birnin Iceland, ruwan zafin da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa ake bi da shi ta bututu a ƙarƙashin wasu tituna. A birnin Nagaoka na Japan, ƙananan famfuna ne a tsakiyar titi ke fesa ruwan rijiya mai ɗan ɗumi. Akwai kuma gadojin da aka sanya wa na'urar da ke fesa sinadari da kanta da zarar ma'auni ya nuna haɗari.

Saƙo ya isa ga direba

Duk wannan aiki banza ne idan mai riƙe da sitiyari bai ji ba. Finland na rage iyakar gudu a lokacin sanyi, inda ake 120 a koma 100, inda ake 100 a wurare da yawa a koma 80, kuma tun shekarun 1990 take da hanyoyin da allunansu ke sauya lamba gwargwadon rahoton tashoshin yanayi. Motocin zamani ma na da nasu gargaɗin: yawancinsu kan nuna alamar dusa a gaban direba idan zafin waje ya sauka zuwa digiri 3 ko 4. Yanzu mun san dalilin da ya sa ba sa jira sai sifili. Tun 2016 kuma kamfanin Volvo ya fara wani tsari a Suwidin da Norway, inda motar da tayarta ta zame take aika saƙo ta intanet, a gargaɗi motocin da ke tahowa a baya. Kowace mota ta zama ƙaramar tashar aunawa ke nan.

Ga 'yan'uwanmu da ke can ko suke shirin tafiya, ga abin da masana tuƙi suka yi ittifaƙi a kai. A rage gudu tun kafin a hau gada ko a shiga kwana. A bar tazara mai yawa. A taka totur da birki a hankali, kada a fizgi sitiyari. Idan ƙarar taya ta ɗauke ɗif, ko sitiyari ya yi sakayau a hannu, to ana kan ƙanƙara, sai a ɗaga ƙafa daga totur a bar mota ta rage gudu da kanta. A sa tayoyin sanyi, domin robarsu ba ta ƙagewa kamar ta tayoyin da muka saba da su. Mai tafiya a ƙasa kuma ya riƙa gajerun taku, ya fitar da hannayensa daga aljihu. Idan hukuma ta ce a zauna a gida, a zauna. Lacca ɗaya ba ta kai rai ba.

Namu rabon

Titunanmu ba sa daskarewa, amma hazon hunturu kan rufe hanya har direba ya kasa ganin motar da ke gabansa, da damina kuma ruwa kan shanye gada cikin dare. Tsarin da muka bayyana, wato a auna, a yi hasashe, a sanar da direba a kan kari, bai keɓanta da ƙanƙara ba. Irin waɗannan tashoshi na ɗaukar na'urar auna nisan gani da ta auna tashin ruwa. Hukumar NiMet na fitar da gargaɗin hazo da na ruwan sama, sai dai gargaɗin jiha guda daban, sanin halin da wata gada take ciki da ƙarfe biyun dare daban. Ga masu karanta injiniyanci, kimiyyar kwamfuta ko nazarin yanayi da ke neman abin da za su yi aikin kammala digiri a kai, ga fili nan a buɗe.

Ga ƙannenmu na sakandare kuma, ga gwaji biyu. Na farko, a samu kofi biyu na roba a zuba ruwa daidai wa daida, a narka gishiri cokali uku a ɗaya, a sa su a firiza tare, a riƙa dubawa duk bayan rabin awa ana rubutawa. Na biyu, a safiyar da aka yi raɓa, a duba motar da ta kwana a fili da wadda ta kwana a ƙarƙashin rumfa ko bishiya, a ga wacce ta fi jiƙewa.

Tambayar wannan mako ta fito ne daga gwaji na biyu: me ya sa titin da bishiyoyi suka yi wa rumfa yake iya fin na fili ɗumi da tsakar dare, amma kuma ya fi shi daɗewa da ƙanƙara bayan rana ta fito? A turo amsa tare da suna da makaranta ta adireshin wannan fili, za mu buga waɗanda suka fi gamsarwa.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, na gida da na waje.